Sunan Ɗan Fari

"To, mu sake," in ji Alhaji Magaji, yana murɗa sitiyari don ya kauce wa rami. "Ni ab Baturiya. Na ce maki, Inna, mi as sunan ɗanki? Sai ki ce mi?"

Inna Fatimatu ta gyara ƙwaryar furar da ke kan cinyarta, ta leƙa ta taga. "Bana zahi ya yi yawa, Alhaji."

"Ba zahi nit tambaye ki ba. Suna! Idrisu. Ga shi na hwaɗi, bakina bai ƙone ba. Ki hwaɗi."

"Allah shi kai mu lahiya."

Tun daga Sarandosa suke wannan karatu, ga shi har sun wuce Maiyama, ɗalibar ba ta ko kama bismilla ba. Alhaji Magaji dillalin albasa ne a Aliero, mutumin da ke tinƙaho cewa daga nan har Abijan babu wata iyakar ƙasa da bai san yadda ake shawo kan masu tsaronta ba. Amma yau tsohuwa guda mai ido ɗaya ta gagare shi, a cikin motarsa kuma.

Shekara tara ke nan da Inna Fatimatu ta baro ƙauyensu a ƙasar Mali, ranar da 'yan bindiga suka shiga. Ta ratso Nijar da ƙafa cikin ayarin maƙwabta, ta sauka a rugar Fulanin da ke kusa da fadamar Alhaji a Sarandosa. Shanun rugar suna cin karan gonarsa su bar masa taki, ita kuma tana dama masa fura, har zumunci ya ƙullu. Kowa ya ɗauka 'ya'yanta uku duk sun mutu. Sai bara waccan wani direban albasa ya dawo daga Yamai da lambar waya a bayan kwalin sigari. Ashe ɗan farinta Idrisu yana raye, yawon neman mafaka ya kai shi wata ƙasar Turai mai sanyi, yana wanke shanu a wani gidan madara. Tun daga nan yake aiko saƙon murya ta wayar Alhaji. In an kunna mata, sai ta tashi ta kama daka, kamar rediyon maƙwabta ne ke magana. Alhaji dai ya lura taɓaryar ba ta sauka da ƙarfi sai saƙon ya ƙare.

Yanzu idonta na dama ya rufe, kuma likita ya ce na hagun ma yana kan hanya, da wuya ya ƙara ganin damina biyu. In za ta ga ɗanta, to bana ne.

Matsalar ita ce ɗan gudun hijira irin Inna ba shi da fasfo. Ƙasar da ya baro ba ya iya komawa ya nema, wadda ya sauka kuma ba ɗanta ba ne. Don haka manyan duniya suka taru a wani birni mai tafki, suka shekara uku suna shan shayi a kan maganar. Alhaji ya bi zaman nan ta rediyo kamar mai bin ƙwallo. A faɗarsa, shekarar farko sun cinye ta ne a kan launin bangon littafin, ta biyu a kan wanda zai fara sa hannu, ta uku kuma a kan inda kowa zai tsaya a ɗauki hoto. Daga ƙarshe dai aka daidaita: wasu ƙasashe za su karɓi ɗan littafin tafiya na 'yan gudun hijira, su bar iyaye su je wurin 'ya'yansu. Da aka nemi wanda za a fara da shi a gaban 'yan jarida, sai takardun Idrisu suka faɗo a sama. Tawaga za ta yi yini ɗaya a Jega, a yi wa tsohuwa tambayoyi, jakada ya miƙa mata littafi da la'asar, su kama hanya tun rana ba ta faɗi ba. Wanda ya kasa amsawa, takardunsa su koma ƙarshen layi, kuma layin nan an ce ya fi na gidan mai tsawo.

"Wagga kunya taku ta ɗan hwari, ita ka hana mu ci gaba," in ji Alhaji, yana danna wa wani jaki oda. "Ni ma ɗan hwari na. Shekarata hamsin da takwas, Hajiya Gudiya da tah haihe ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Zaharaddini anka raɗa min, ba ta hwaɗi. Magajin da kakana yas sa min, shi ma ba ta hwaɗi. Ƙanena kau, Nuraddini kaza, Nuraddini kaza, kamar waƙa. Ni sai 'wancan', sai 'mutumen ga'. Kuma ni nik kai ta Makka!"

Da dariya ya faɗa, amma abin yana masa ciwo, kuma ya daɗe yana yi.

A Jega an kama ɗakin taron wani masauki. Fararen motoci uku a ƙofa, kowace da 'yar tutarta, ga wani ƙaton ƙyalle mai hoton hannaye biyu suna gaisawa, ɗaya fari ɗaya baƙi. A kan tebur an ɗora littafin, shuɗi, ɗan ƙarami, an ɗaure shi da jan zare a kan faranti kamar yau za a raɗa masa suna. Alhaji ya faka akori-kurarsa tsakanin fararen motocin, warin albasa ya fito ya gai da kowa.

Wadda ta tarbe su wata matashiyar jami'a ce daga Abuja, Amira, ita ce kuma tafinta. Waya ce a kunnenta. "Abdulwahab, ka ci abincinka, ka ji? Abdulwahab!" Ta kashe, ta durƙusa ta gai da su. "Ku yi haƙuri, ɗana ne, rigima gare shi."

"Na nawa na?" in ji Inna.

"Na fari."

Inna ta dube ta daga sama har ƙasa, irin kallon da ake yi wa wadda ta shigo kasuwa babu ɗankwali.

A ɗakin ciki Baturiyar na zaune, doguwa, zafin Jega ya mayar da ita ja kamar tattasai. Kowa Madam yake ce mata. Gabanta akwai na'urar ɗaukar magana, da takardar tambayoyi, da wata ambulan a manne. Amira ta yi bayani: amsoshin da Idrisu ya bayar a can ne a cikin ambulan ɗin, ba a buɗewa sai an gama da Inna, sannan a gwada a ga ko sun zo ɗaya. An yarda Alhaji ya zauna a matsayin ɗan rakiya, da sharaɗin bakinsa ya zauna shi ma.

Da farko abin ya tafi sumul. Sunanta, sunan ƙauyensu, ranar kasuwarsu, ta ina ta shigo, duk ta amsa. Alhaji har ya fara kaɗa ƙafa.

"Madam ta ce 'ya'yanki nawa?"

"Biyu."

Ƙafar Alhaji ta tsaya. Wannan bai shiga cikin karatunsu ba, don ya manta ɗan fari ko a ƙidaya ba ya shiga.

"Yasir da Fadila," in ji Inna. "Allah shi jiƙansu."

Madam ta ɗaga gira, ta turo wani hoto. Wani ƙato ne cikin rigar sanyi, yana dariya da giɓi. Inna ta mayar da idonta kan fankar da ke sama.

"To wannan fa?"

"Yaron gidanmu na."

"Ɗanki ne?"

"Goggonai tar rene shi."

"Inna, sunansa Madam take so."

"Ai kun san shi, tunda kun rubuta."

Nan tari ya sarƙe Alhaji, wani irin tari mai gaɓa uku, wanda ko kurma zai ji Idrisu a cikinsa. Madam ta cire tabarau ta yi magana a hankali.

"Ta ce in tarin nan ya sake fitowa da suna," in ji Amira, "za a fitar da mai tarin."

Amira dai ta yi iya ƙoƙarinta. Ta juya Turanci ta daɗe tana bayani, tana nuna Inna, tana nuna ƙirjinta. Madam ta saurara, ta gyaɗa kai, sannan ta ɗora yatsa a kan wani gurbi a takardar. Amira ta juyo jiki a sanyaye. Madam ta ce tana girmama al'ada ƙwarai, har ta taɓa zuwa taro na kwana huɗu a kanta. Amma gurbin nan suna yake so, daga bakin mai nema. An sha samun waɗanda suka zo da ɗan wani suka ce nasu ne. Abin da za ta iya kawai, a je a yi sallar azahar, a dawo ta sake tambaya sau ɗaya.

Bayan salla Alhaji ya iske Inna a gindin dogon yaro, ta shimfiɗa gefen mayafinta ta zauna. Bai ko tsuguna ba ya fara.

"Inna, don girman Allah! Ƙasashe arba'in sunka sa hannu ga wagga magana. Jakada ya taso tun daga Abuja. Ke kaɗai ka tsaida duniya saboda kalma guda? To ki hwaɗi cikin raɗa. Ki juya ma bango baya... a'a, ki huskanci bango ki hwaɗi. In malami kika so, yanzu in ɗauko maki shi ga mota shi gaya maki ba zunubi na ba. Idonki fa, Inna! In yat tahi, littahin mi za shi yi maki? Lalube za ki yi?"

Ta bar shi ya gama. Sannan ta zuba fura a ludayi ta miƙa masa, ya karɓa don ba yadda zai yi.

"Zamna, Alhaji."

Ya zauna.

"Ran da sunka zo, da hantsi na. Yara dut sun ɓuya. Biyu cikin rumbu, shi kau cikin ramin da muka ɗibar laka. Ni ina bakin rijiya. Da nij ji harbi hankalina ya tashi, nis shiga kira. Yasir! Fadila! Da ƙarhi. Ɗiyan kirki na, in na kira ba su ƙin amsawa. Sunka hito."

Wani ɗan acaɓa ya wuce a titi da buhun albasa biyu a baya.

"Shi ma na buɗe baki in kira shi. Sunan yaƙ ƙi hita. Ko rannan, Alhaji. Bai ji kira ba, bai hito ba. Shekara bakwai ina cewa kunyata ta yar da shi, da na kira da mun gudu tare. Sai ga direbanka da kwalin sigari." Ta goge ludayin da gefen zane. "Waɗanda nik kira suna cikin ƙasa. Wanda ban kira ba shi ka wankin shanun Nasara. Kai kau kana son in kira shi gaban na'ura."

Alhaji yana da amsar da yake ba ɗan kwastan, yana da wadda yake ba soja, yana da wadda yake ba Bayarabiyar da ta ce albasarsa ta ruɓe. Wannan ba shi da amsarta. Kunya ta kama shi, irin wadda ya daɗe bai ji ba.

"Amma ina son ganinai," in ji ta, muryarta ta yi ƙasa. "Wallahi ina so. Tashi mu koma in gwada."

Kafin su koma jakada ya iso. Yana zaune a ɗakin taro cikin kwat, yana fifita da takardar jawabinsa, yana duban agogo. 'Yan jarida sun kafa kyamarorinsu sun auna farantin. A ɗakin ciki Madam ta kunna na'ura, ta sake tura hoton.

"Inna," in ji Amira a hankali, "wannan ce ta ƙarshe. Mene ne sunan ɗanki?"

Inna ta dafa tebur da hannu biyu. Ta buɗe baki. Alhaji ya ga jijiyar wuyanta ta miƙe, shi ma ya buɗe nasa bakin yana taya ta kamar mai ba jariri kunu. Fanka ta yi ta juyawa. Sannan bakin ya rufe. Inna ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryarta, ta miƙe.

"Ba ni iyawa. Ku ba wata littahin, Allah shi sa ta ga nata."

Amira ta fassara. Madam ta yi ajiyar zuciya, ta ja layi a gurbin. Sai dai ƙa'ida ƙa'ida ce: ko mutum ya ci ko ya faɗi, ba a rufe takardunsa sai an buɗe ambulan an sa hannu. Ta yage bakin, ta zaro takarda, ta fara karantawa da sauri irin na mai son ya kama hanya. Can ƙasa ta tsaya. Ta mayar da tabarau ta sake karantawa. Jan fuskarta ya ƙaru, abin da Alhaji bai zaci zai yiwu ba. Ta miƙa wa Amira.

"Inna, tsaya," in ji Amira. "Tambaya ta ƙarshe da aka yi masa ita ce, ta yaya za mu tabbatar ita ce mahaifiyarka? Ga abin da ya ce." Ta share hanci. "Ku tambaye ta 'ya'yanta nawa, za ta ce biyu. Ku nuna mata hotona, ba za ta duba ba. Za ta ce goggona ce ta rene ni. In kuka sami wadda ta faɗi sunana, ku sallame ta ta koma gida, ba uwata ba ce."

Sati biyu Alhaji yana zirga-zirga tsakanin Aliero da Sarandosa, yana ƙona mai, yana koya wa tsohuwa yadda za ta faɗi jarrabawa. Da ɗalibar ta ji maganar malaminta, da yanzu an gama da su.

"Ai na sani," ya ce, yana gyara hula. "Ni nic ce mata ta daure ta yi shiru."

Madam tana neman gurbin da za ta rubuta cewa rashin amsa shi ne amsa, ba ta samu ba, don ƙasashe arba'in ɗin ba su tanadi wannan ba. Ta juya takardar ta rubuta a baya da hannu, ta buga hatimi har sau biyu.

Saura mataki ɗaya: a kira mai gayyata ya gani da idonsa. Madam ta jingina wata faffaɗar waya da gorar ruwa, ta danna. Sai ga ƙaton nan mai giɓi ya cika allon, da hular sanyi, bayansa shanu jere kamar masu jiran albashi. Ya kafa ido. Giɓin ya ɓace.

"Inna," ya ce. "Inna!"

Inna ta ja mayafi ta kau da kai. Madam ta dubi Amira a ruɗe. Amma Alhaji da ke kusa ya ga abin da ba su gani ba: wajen dama ta juya, ta ba bango mataccen idon. Na hagun yana nan ta gefen mayafi, a buɗe tar, bai ko ƙifta ba.

"Alhaji," ta ce, "tambaye shi, can ba a ba su abinci? Dubi wuyanai."

Wuyan nan ya kai na bijimi. Alhaji ya matso gaban allon, ya yi gyaran murya. "Ta ce wai ka rame."

Idrisu ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya amsa da Hausarsa ta kasuwar shanu. "Alhaji, ka ce mata ina ci. Ka ce mata na sai mata bargo biyu. Ka ce mata akwai likitan ido kusa da mu."

"Ya ce..."

"Na ji," in ji Inna. "Ce mai shi rufe kunnuwanai, sanyi na kama shi ta nan."

Haka suka yi minti goma, uwa da ɗa, kowa na jin kowa, dillalin albasa na tsakani yana kai kaya yana dawowa da kaya, karon farko a rayuwarsa babu la'ada. Da ya ji idonsa ya cika, sai ya ce warin motarsa ne ya biyo shi. Amira ta ce ai albasar da ba a yanka ba ba ta sa hawaye. Ya ce ta Aliero daban take.

Jakada ya yi jawabi a kan zumuncin ƙasashe, ya miƙa littafi, aka ɗauki hoto. Inna ta ƙi ajiye ƙwaryarta, don haka a hoton jakada ne riƙe da littafin, ita kuma riƙe da fura. Bayan an watse ta naɗe littafin a leda, ta ƙulle a bakin zane inda take ƙulle goro. Alhaji ya sa ta a motar Maiyama tare da 'yan rugarsu da suka zo cin kasuwa, shi kuma ya kama hanyar Aliero shi kaɗai. Bai kunna rediyo ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya shiga gida. Ya wuce sashen mahaifiyarsa kamar kullum. Hajiya Gudiya na kan tabarma a bakin ɗakinta tana jan carbi, matarsa Shafa'atu na gefe tana tsince shinkafa. Ya tsuguna ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon bango, yadda ta saba shekara hamsin da takwas. A nan yake miƙewa kullum ya kaɗe riga ya fita, kafin ma ta gama cewa lahiya lau. Yau bai miƙe ba. Ya ja gefen tabarmar ya zauna.

Carbin ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba.

"Shafa'atu," in ji Hajiya, "mutumen ga ya hita tun da sahe bai karya ba. Tuwon da nic ce a aje, ɗumama mai. Kar ki cika yaji, cikinai bai so, tun yana yaro."

Alhaji ya dubi matarsa.

"Kullum haka taka cewa," in ji Shafa'atu, ba ta ko ɗago daga faifan ba. "Kai na ba ka tsayawa ka ji."

Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya daɗe yana duban hannun tsohuwar, yadda yatsun ke tura 'ya'yan carbi ɗaya bayan ɗaya. Sannan shi ma ya juya ya fuskanci bangon.

"Ce mata," ya ce wa Shafa'atu, "nan za ni ci."